Zaɓen Bindiga Mai Fistan: Ina Dattin Yake Komawa?

Duk wanda ya taɓa harba harsashi 200 a jere da bindiga samfurin AR-15, sannan ya buɗe cikinta nan take, ya san abin da ake tararwa. Sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya rufe bayansa, ta yi baƙi ƙirin, ta ɗau zafin da hannu ba ya iya riƙe ta, man da aka shafa mata da safe ya ƙone ya koma wani abu mai danƙo kamar kwalta. To, a ɗauko 'yar'uwarta mai fistan, wato wadda ke da ɗan ƙarfe a gaba da hayaƙin albarushi ke turawa ya motsa sakata, a yi mata irin wannan aiki, a buɗe. Sakatar na nan da sheƙin manta, kana iya ɗora ta a tafin hannu ka jujjuya. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, na kuma ga yadda yake sa mutum ya yanke shawara tun bai gama tambaya ba. Amma da zai kai hannu can gaba, inda fistan yake kwance a saman bututu, da sauri zai janye shi. Zafin da ya nema a ciki bai samu ba yana can, kunkunniyar ma tana can, ta daskare a kan fistan. Albarushi ɗaya aka ƙona a bindigogin biyu, datti ɗaya ya fita, masaukinsa ne ya bambanta. Maganar zaɓen bindiga mai fistan duk a nan take: shin wannan sauyin masauki ya kai abin da za ka biya dominsa, a nauyi, a kuɗi, da wahalar samun kayan gyara?

Bindigar da muke magana a kai ita ce mai ɗura wa kanta harsashi. Ka ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ya fita, ta tofar da kwanso, ta ɗauko na gaba daga gidan harsashi ta zaunar da shi, ta tsaya tana jiran ka sake ja. Ta bambanta da ta soja mai ɓarin wuta muddin yatsa na kan kunama. Ƙarfin da take wannan aiki da shi kuwa, daga harsashin take aro. Idan allura ta bugi gindin kwanso, albarushi ya kama, sai ya zama hayaƙi mai matsin da ya ninka iskar tayar mota fiye da sau 1,000, shi ke ingiza harsashi cikin bututu. A wani wuri a jikin bututun an huda ɗan rami, wanda a dangin AR faɗinsa bai kai milimita 3 ba. Da zarar harsashi ya wuce ramin, wani kaso na hayaƙin ya kutsa ta nan ya hau sama. Abin da ake yi da wannan ɗan hayaƙi shi ya raba bindigogi gida-gida.

Eugene Stoner, wanda ya zana AR-10 a kamfanin ArmaLite cikin shekarun 1950, wadda daga ita AR-15 ta fito, ya zaɓi ya ja hayaƙin ta cikin siririn fayif har zuwa cikin bindiga. Can yake shiga cikin ƙarfen da ke dakon sakata, ya buɗe a ciki, ya tura ɗan dakon baya, sakata ta murɗa ta buɗe. Hikimar da ke ciki babba ce: turin yana kan layi ɗaya da bututu da kafaɗar mai harbi, babu wani ƙarfe mai nauyi da ke kai da komo a saman bututu, bindiga ta yi sauƙin ɗauka, ta kuma yi saiti. Illarsa ita ce wadda muka fara da ita, hayaƙi mai zafi yana sauka daidai inda ƙarafa ke gogar juna.

Masu fistan sun ce a'a, hayaƙi ya tsaya a gaba. Yana fitowa daga ramin ya bugi kan fistan, fistan ya kai saƙon baya, ragowar hayaƙin ya fice waje ta 'yan ƙofofin da aka bar masa. Su ma sun kasu biyu. Akwai mai doguwar tafiya, inda fistan da sandarsa da ɗan dakon sakata suke haɗe abu guda, su tafi baya tare su dawo tare. Haka M1 Garand take, wadda sojan Amurka suka karɓa a 1936, haka AK ta Mikhail Kalashnikov, haka Galil da Tavor na Isra'ila da SIG 550 ta Suwizalan. Ƙarfe ne mai nauyi ke gudu, idan ya taso yashi kaɗan ko laka ba sa tare shi, kuma sassan da za su lalace ba su da yawa. Sai dai wannan nauyi da ke kai da komo mai harbi yana jin sa, bindiga tana rawa a hannu, musamman lokacin da ƙarfen ya dawo ya daki gaba.

Na biyu shi ne mai gajeriyar tafiya. Fistan yana motsawa ɗan kaɗan, sau da yawa bai wuce santimita 1 ko 2 ba, ya yi wa ɗan dakon sakata naushi guda ya tsaya, ɗan dakon ya ƙarasa tafiyar da ƙarfin naushin. SKS ta Simonov da FN FAL ta Dieudonné Saive a Beljiyam da SVD ta Dragunov duk wannan gida suke. Amma kakar yawancin na zamani ita ce AR-18, wadda ArmaLite ta fitar a 1963 ba ta yi kasuwa ba. Tsarin fistan ɗinta ne ya ratsa zuwa SA80 ta Birtaniya da G36 ta Jamus, daga G36 ya shiga HK416. FN SCAR da SIG MCX da CZ Bren 2 da Steyr AUG duk gajeriyar tafiya suke yi. Idan ka ji ana cewa "mai fistan" a yau, mafi yawa wannan ake nufi.

Daga ina sunan da fistan ya yi na cewa ba ya cijewa ya samo asali? Wani ɓangare daga yaƙin Biyetnam ne. M16 ta farko, wato AR-15 ta sojan Amurka mai fayif, ta ba sojoji wahala ƙwarai, har wani kwamitin majalisar dokokin Amurka ya binciki lamarin a 1967. Abin da aka gano shi ne an sauya nau'in albarushi daga wanda aka gwada bindigar da shi, ba a lulluɓe mazaunin harsashi da ƙarfen kurom mai hana tsatsa ba, sannan an raba bindigogin ba tare da isassun kayan wanki ba. An gyara waɗannan, amma tabon ya zauna. Ɗaya ɓangaren shi ne gwajin ƙura da sojan Amurka suka yi a ƙarshen 2007. Bindigogi iri huɗu, kowane iri guda 10, kowane iri ya harba harsashi 60,000 cikin ƙura mai tsanani. XM8 ta cije sau 127, SCAR sau 226, HK416 sau 233, M4 kuwa sau 882. Ukun farko duk masu fistan ne, M4 kuwa mai fayif ce, 'yar gidan M16. Alƙaluman nan sun zaga duniya, kuma gaskiya ne. Abin da ba a cika haɗawa da su ba shi ne, a wani zagayen gwajin da aka yi 'yan watanni kafin nan, M4 ɗin ta cije sau 307 ne kawai. Bindiga ɗaya ta ba da 307 ta kuma ba da 882, wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa yawan mai, da lafiyar gidan harsashi, da yanayin gwajin suna da hannu sosai. A tawa fahimtar, fistan yana da rinjaye na gaske idan an matsa wa bindiga lamba ba wanki ba hutu, amma rinjayen bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma mai harba harsashi 100 a ƙarshen mako ya koma gida ya goge bindigarsa ba lallai ya taɓa ganin sa ba.

Abin da na fi so mai saye ya riƙe shi ne bambancin bindigar da aka haifa da fistan da wadda aka ɗora mata shi daga baya. A nan ne na ga mutane sun fi yin asara. AR-15 an zana ta ne a kan cewa turi zai zo ta tsakiya. Idan aka cire fayif aka sa sanda, sandar tana dukan ɗan dakon sakata ta sama, gefe da layin tafiyarsa. Abin da ka tura ta sama kuwa gindinsa ƙasa yake yi. Sai gindin ɗan dakon ya riƙa gurzar bakin bututun almuniyan da sifirin mai mayar da sakata yake ciki, wanda ke shiga gindin bindiga. Na taɓa sa irin wannan kayan sauyi a wata bindiga tawa, daga wani ƙaramin kamfani. Wata uku ana lafiya. Ranar da na buɗe ta a ƙarƙashin fitila mai haske, sai na ga wani ɗan garin ƙarfe fari yana ƙyalli a cikin mai, kamar an barbaɗa. Na sa yatsa a ƙasan bakin bututun, na ji ya zaizaye, baƙin fentin ya tafi, almuniyan ya fito fili da siffar jinjirin wata. Bindigar ba ta taɓa cije min ba, amma tana cin kanta a hankali. Kamfanonin da suka san aikinsu sun magance wannan, suna ƙara wa gindin ɗan dakon kauri ko su yi masa 'yan dugadugai masu santsi, suna kuma ƙera wurin da sanda ke duka haɗe da jikin ɗan dakon maimakon ɗaure shi da kusoshi. HK416 da bindigogin kamfanonin LWRC da PWS sun nuna ana iya yi da kyau. Duk da haka, bindiga irin SCAR ko MCX ko Bren ko AK, wadda ɗan dakonta ke gudu a kan layin dogo ko sanduna da aka tanada tun a zane, ba ta san wannan ciwo ba sam.

Akwai wata riba da ke tattare da waɗanda aka haifa da fistan. Tunda sifirin ɗin da ke mayar da sakata yana cikin jikin bindiga ne, gindinta yana iya naɗewa, ta gajarce wajen ajiya da ɗauka. AR-18 da AK da SCAR da MCX duk suna iya haka. HK416 da sauran masu siffar AR da suka riƙe bututun sifirin a gindi ba sa iyawa. Wanda naɗewar gindi ta dame shi ya duba wannan da kyau, don kalmar fistan kaɗai ba ta ba shi tabbaci ba.

Sai maganar kayan gyara, wadda ita ce mai saye ke mantawa ranar da bindiga take sabuwa tana ƙyalli. AR-15 ta asali ta zama kamar harshen da kowa ke ji: sakatar wannan kamfani tana shiga bindigar wancan, fayif ɗaya ne, zobba ɗaya ne, ɗaruruwan masana'antu ke ƙera su a kan awo guda. Fistan ba shi da wannan haɗin kai. Kowane kamfani da nasa tsawon sanda, da nasa kan fistan, da nasa sifirin. Sandar HK ba ta shiga LWRC, ta LWRC ba ta shiga SIG. Idan kamfanin ya daina ƙera samfurin, kai da bindigarka kun zama marayu. Ruger ta fito da SR-556 a 2009, bindiga mai kyau, daga baya ta daina yin ta. ACR ta Bushmaster ta shiga kasuwa da babban suna a 2010, sai kamfanin da ya mallake ta ya durƙushe a 2020. Ni kaina ɗan sifirin da bai kai tsawon yatsa ba ya taɓa kwantar min da bindiga wata biyar, ina aika saƙo ana ce min a jira. Tun daga ranar, kafin in duba kyan bindiga sai na tambayi shekarunta nawa a kasuwa, ko akwai runduna ko 'yan sandan wata ƙasa da ke riƙe da ita, ko akwai wani kamfani na daban da ke ƙera mata kaya. Samfurin da soja suka ɗauka yana da tsawon rai. Faransa ta zaɓi HK416 a 2016 don maye gurbin tsohuwar bindigarta FAMAS, sojan ruwan Amurka masu sauka tudu suna riƙe da ita da sunan M27, a 2022 kuma sojan ƙasa na Amurka suka zaɓi wata babbar 'yar gidan MCX. Dangin AK da FAL su ma duniya ta cika da kayansu. Kuma ranar da ka sayi bindigar, ranar ce ta sayen fistan da sifirin da zobban ajiya, tun suna samuwa.

Nauyi shi ma ba abin rainawa ba ne. M4 ba harsashi tana wajen kilo 3, HK416 mai tsawon bututu iri ɗaya tana wajen kilo 3.5. Ba duk ratar ce ta fistan ba, har da kaurin bututu da mariƙin gaba, amma abin lura shi ne inda ƙarin yake zama: can gaba, nesa da jiki. Rabin kilo a kusa da kafaɗa ba komai ba ne, rabin kilo a ƙarshen hannun da ka miƙe kuwa bayan minti biyu za ka san da shi. Kada ka yarda da abin da aka rubuta a takarda kaɗai. Ɗauki bindigar, tabbatar babu harsashi, ɗaga ta zuwa ido ka riƙe, ka ƙirga 60 a ranka, ka ga ko bakinta ya fara zana da'ira. Ka tuna kuma za ka ɗora mata madubin hange, wataƙila da fitila, wataƙila da salansa mai rage ƙarar harbi, dukkansu gaba suke ƙara wa nauyi.

Game da saiti an yi ta ja-in-ja. Hujjar masu suka ita ce, fistan yana dukan wani ƙarfe da ke manne da bututu tun harsashi bai gama fita ba, bututu kuwa yana karkarwa ne kamar tsirkiya a duk harbi, abin da ya taɓa shi ya taɓa saiti. Hujjar tana da tushe, shi ya sa mafi yawan masu gasar harbin nesa da bindiga mai ɗura wa kanta suke kan tsarin Stoner. Amma ingancin bututu da na harsashi da laushin kunama sun fi wannan tasiri nesa ba kusa ba. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne yadda harsasai ke taruwa a allo: taron da bai wuce santimita 3 ba a nisan mita 100 ana ɗaukar sa saiti mai kyau ƙwarai. Masu fistan na zamani masu inganci suna kusantar haka da harsashi mai kyau. AK da harsashin soja na gama-gari ta fi yin kusan santimita 10, kuma wannan ya fi alaƙa da sakin jikinta da irin harsashin fiye da fistan. Idan za ka gwada, harba 10 a allo guda. Harsashi 3 suna iya taruwa da sa'a.

To wa fistan ya fi yi wa rana? Na farko mai gajeren bututu. Idan bututu ya gajarce, ramin hayaƙi yana matsowa kusa da mazaunin harsashi inda matsi ya fi tsanani, tsarin fayif yana zama mai saurin fushi, yana dukan sassansa da ƙarfi. HK416 ma asalinta buƙatar wata rundunar Amurka ta musamman ce da ke son gajeriyar bindiga wadda ba ta gajiya. Na biyu mai sa salansa a inda doka ta yarda. Salansa tana riƙe hayaƙi, matsi ya daɗe a bututu, bindiga ta riƙa gudu fiye da ƙima, hayaƙi ya riƙa fesowa mai harbi a ido. Fistan yana rage wannan, ko da yake ba ya kawar da shi, domin kaso mai yawa na hayaƙin ta cikin bututun kansa yake dawowa lokacin da sakata ta buɗe. Wasu masu fistan ɗin ma suna da ƙara ta daban a gaba, inda ragowar hayaƙi ke fita. Na uku mai harbi da yawa a wuri mai ƙura, wanda zai yi kwanaki bai zauna wanki ba. Wanda ba ya cikin ukun nan, ya tsaya ya tambayi kansa da gaske, domin AR mai fayif daga kamfanin kirki, idan ana ba ta mai, za ta yi masa duk abin da yake so da ƙarancin nauyi da ƙarancin kuɗi.

Idan ka tsaya a kan fistan, nemi mai majuyin hayaƙi. Wannan ɗan ƙarfe ne a gaba da ake murɗawa a ƙara ko a rage hayaƙin da ke isa kan fistan, kuma a ganina shi ne rabin amfanin tsarin gaba ɗaya. SCAR da MCX suna da matsayi biyu. FAL tana da zobe mai matakai da yawa, kuma yadda ake saita ta darasi ne ga kowa: a sa harsashi ɗaya tak a gidan harsashi, a buɗe zoben har bindiga ta kasa riƙe sakata a baya bayan harbi, sannan a riƙa rufewa mataki-mataki har ta riƙe, a ƙara mataki biyu don ranar sanyi ko datti. Bindigar da hayaƙi ya yi wa yawa tana shuri da ƙarfi, tana yayyaga bakin kwanso, tana tsufa da wuri. Wadda ya yi wa kaɗan ba ta kaiwa baya sosai, sai ta kasa ɗauko na gaba. A dangin AR kwanson da ke faɗuwa yana ba da labari: idan yana tashi gefen dama ya ɗan koma baya, lafiya lau, idan yana tsalle gaba, hayaƙi ya yi yawa. Ka gwada murɗa majuyin da hannunka tun a wurin saye, ka tambaya ko yana murɗuwa bayan ya yi zafi ya sha kunkunniya, don akwai waɗanda sai da kan harsashi ko ƙaramin ƙarfe suke motsi.

Girman harsashi aikinka ne zai faɗa maka. Harsashi mai faɗin milimita 5.56 yana da sauƙin shuri da sauƙin ɗauka, ya dace da allo da ƙananan dabbobi. Ka kula, harsashin 5.56 na soja da .223 Remington kamarsu ɗaya a ido, amma mazauninsu ya ɗan bambanta, kuma ba a son a harba 5.56 a bindigar da aka rubuta .223 kaɗai a bututunta, saboda matsi na iya haurawa. 7.62x39 na AK da SKS yana da nauyin kai wajen giram 8, yana aiki da kyau a kusa, yana faɗuwa da wuri bayan mita 300. .308 Winchester da ɗan'uwansa 7.62x51 su ne na manyan dabbobi da nisa, a nan FAL da M1A da SCAR 17 suke. Waɗannan manya suna wahalar da madubin hange, SCAR 17 ma ta yi suna a kan haka saboda yadda ɗan dakonta mai nauyi ke dawowa ya daki gaba, don haka kada a ɗora mata madubi mai rauni. Mafarauci da ba ya son siffar soja yana da Browning BAR ta farauta, wadda take kasuwa tun 1967, da Benelli R1, dukkansu masu fistan ne cikin rigar katako.

Tsofaffin bindigogi suna da nasu sharuɗɗan, kuma biyu daga ciki sun shafi rai. SKS da yawa allurarsu ba ta da sifirin mai mayar da ita. Idan tsohon giris ɗin ajiya ya bushe a raminta ta maƙale a waje, bindiga na iya tashi da kanta lokacin da sakata ta rufe, ba tare da an taɓa kunama ba. Wanda ya sayi SKS ya kwance sakatar ya wanke ta sarai, ya girgiza ta a kunne, sai ya ji allura tana ƙwas-ƙwas tana kai da komo kafin ya kusanto da harsashi. M1 Garand kuma an yi ta ne don albarushin zamaninta, wasu harsasan farauta na yau masu nauyi suna iya lanƙwasa doguwar sandarta idan ba a sa mata toshiya mai rage hayaƙi ba. Sannan tsofaffin harsasan soja na ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da yawa suna barin wani gishiri mai jan laima. Mai ba ya narkar da shi, ruwa ke narkar da shi. Ka harba su ka kwana biyu ba ka wanke fistan da bututu da ruwan zafi ka busar ka shafa mai ba, za ka tarar da jan tsatsa ta fara cin kan fistan.

Duk wannan bayani yana bayan doka ne, kuma doka a kan irin wannan bindiga ta bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. Birtaniya ta haramta wa farar hula manyan raifuloli masu ɗura wa kansu a 1988 bayan kisan Hungerford. Ostareliya ta taƙaita su matuƙa a 1996 bayan kisan Port Arthur, Niyu Zilan ta bi sahu a 2019 bayan harin masallatan Christchurch, Kanada ta haramta samfura kusan 1,500 a 2020. A Amurka dokar tarayya ta 1934, bayan gyaran da aka yi mata daga baya, ta ware raifulan da bututunsu bai kai inci 16 ba ta sa musu rajista ta musamman, jihohi kuma kowace da nata ƙarin sharuɗɗan. A Jamus mafarauci na iya amfani da ita, amma kada harsashin da ke cikinta ya wuce 3. Waɗannan dokoki jini ne ya jawo da yawansu, ban ɗauke su abin wasa ba. Lasisi, da horo a hannun ƙwararre, da akwatin ƙarfe mai makulli inda yaro ko baƙo ba zai kai hannu ba, da ajiye harsashi daban, duk suna gaba da tambayar fistan ko fayif.

Ranar da bindigar ta zo hannunka, kafin harbi na farko, kwance sashen fistan da kanka, littafin kamfani a buɗe a gabanka. Ƙirga sassan, ka lura da wanda zai iya gangarawa ya ɓace a ciyawa. Duba ko ana zaro fistan ta gaba ba tare da cire mariƙi ba, don wanda sai an kwance kusoshi shida kafin a kai gare shi, ba za a riƙa wanke shi ba. Yawancin masu gajeriyar tafiya, da M14 da FAL, a bushe ake barin kan fistan ɗinsu, domin mai a wurin yana ƙonewa ya zama ƙarin datti, sakata da layin da ɗan dako ke gudu a kai su ke son mai. Bayan harsashi 300 na farko, da irin harsashin da gidajen harsashin da za ka riƙa amfani da su, sake buɗe ta a ƙarƙashin haske. Kankare kunkunniyar kan fistan da burushin tagulla, leƙa inda sanda ke dukan ɗan dako ka ga ko ya fara faɗi kamar kan ƙusar da aka daɗe ana duka, sannan ka shafa yatsa a ƙasan bakin bututun sifirin ka duba ko akwai farin gari a jikinsa.